Kafin ki sa hannu, duba tarihin ginin

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni da maigidana mun samu gidan haya a unguwar Bronx, a birnin New York. An yi masa sabon fenti, dillali kuma sai matsa mana yake yi mu sa hannu cikin makon nan. Yaranmu biyu ne, duk ƙanana. Ta yaya zan san ko ginin yana da matsala?
— Maman yara, New York

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki bari gaggawar dillali ta ɗebe ki. Fenti yana ɓoye tabon yoyo, amma abin da hukuma ta rubuta a kan gini yana nan.

Shiga shafin HPD Online na hukumar gidaje ta birnin, ki sa lambar gidan da sunan titi. Kyauta ne. Za ki tarar da abu biyu: ƙorafin da masu haya suka kai ta layin 311 (lambar wayar kai kuka ga hukumar birnin), da laifin da jami'i ya zo ya gani da idonsa ya rubuta. Na biyun ya fi nauyi. Laifin aji A ƙarami ne, ana ba mai gida kwana 90 ya gyara. Aji B kwana 30. Aji C kuwa haɗari ne na nan take, kamar rashin ɗumama ɗaki ko ruwan zafi.

Ni tsohon gini mai 'yan laifuffukan A ba ya tayar mini da hankali. Abin da nake tsoro shi ne ƙorafi ɗaya yana dawowa duk lokacin sanyi, ko laifin C ya yi watanni ba a rufe shi ba. Doka ta wajabta ɗumama gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kuma inda ɗumi ya gaza, mutane kan koma ga hita ta lantarki. Irin wannan hitar ce ta haddasa gobarar 9 ga Janairu 2022 a nan Bronx, inda mutum 17 suka rasu, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Hayaƙi ya cika benen saboda ƙofofi ba su rufe da kansu ba. Allah Ya jiƙansu. Don haka idan kin koma, buɗe ƙofar gidan ki saki, ki ga ko za ta rufe da kanta har ta kama. Ki leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ki taɓa katakon ki ji ko ya jiƙe.

Tunda kina da ƙananan yara, tambayi shekarar da aka yi ginin. In kafin 1960 ne, kuma akwai ɗan ƙasa da shekara shida, dole mai gida ya riƙa duba fenti mai gubar dalma duk shekara. Ki kuma nemi takardar tarihin kuɗin-cizo na shekarar da ta wuce, haƙƙinki ne ya ba ki.

Sannan ki je da yamma ba tare da dillali ba, ki gai da wata maƙwabciya, ki tambaye ta kwana nawa ake yi kafin a zo gyara idan famfo ya lalace.