Ga ƙanenmu da ake aike shayi a Garwa, ake kuma kiransa Duwala

Salamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce sati uku ke nan da ka kama aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Garwa. An ɗauke ka ne don rubuta kaya, amma har yau ba ka taɓa littafin ba, sai aiken shayi da sharar bakin sito, kuma ba mai kiran sunanka, kowa "sabo" yake ce maka. Ga wani abokinka yana ta bugo waya daga Duwala, wai akwai aiki mai albashi ninki uku da ɗakin kwana kyauta, kai dai ka zo da kuɗin horo. Kana tambaya ko ka bar wannan wulaƙanci ka tafi inda ake sonka.

Kada ka tafi tukuna.

Shekara 19 na yi a siton kaya a Ngaundere, kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan layin dogo daga Yawunde ya tsaya, don haka kayan Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena a nan ake sauke su, a loda wa manyan motoci. Ranar farko na zo da farar riga a goge, biro biyu a aljihu. Dattijon da ke kan 'yan dako ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min buta ya ce in ciko. Haka na yi kusan wata ina cika buta, ina sayo shayi, zuciyata kamar ta fashe. Rannan ya nuna min tarin buhunan shinkafa ya ce in ƙirga. Na ƙirga tsawo da faɗi da hawa, na ninka yadda aka koya mana a makaranta, na ce 240. Bai tanka ba. Ya hau kan tarin ya janye buhu biyu daga sama, sai ga rami a tsakiya wanda mutum zai shiga ya zauna. Ya ce, "Da ka sa hannu a takarda, albashin wata nawa za ka biya?"

Sai daga baya na gane cewa watan shayin nan makaranta ce. Suna dubawa su ga ko kana dawo da canji daidai, ko maganar da ka ji a sito tana isa kunnen mai gida. Kai kuma ba ka ankara ba kana koyon wanda ake fara gaisarwa da safe, da direban da ba a karɓar kayansa sai an ƙirga a gabansa, da inda ake Fulatanci da inda ake Faransanci. Ofis yana ba ka takarda, amma tsofaffin hannu ne ke mayar da kai ɗan gida. Ban ce duk abin da suke koyarwa alheri ba ne. Ran da wani ya ce ka rubuta ɗari alhali casa'in da takwas ka gani, wai "haka ake yi a nan", wannan ma horo ne, kuma shi ne wanda za ka ƙi ko da za su daina cin abinci da kai.

Abin da ya kamata ya dame ka ba shayi ba ne, takarda ce. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce lokacin gwaji sai a rubuce, kuma ba ya wuce wata shida har da sabuntawa, sai manyan ma'aikata da ke kai wata takwas. Ka tambaya ko an yi maka rajista a CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne. In an taka waɗannan, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Garwa, kuma da ƙafarka za ka je.

Yanzu maganar Duwala. Ban san abokinka ba, amma na san wannan kira, domin an yi wa ɗan yayata irinsa. Ya sayar da babur ɗin da yake acaba da shi ya tafi. A tasha aka tare shi, aka karɓar masa jaka, yana shiga gida aka tashi ana tafi ana ce masa "shugaba". Yaron da ba a taɓa tafa masa ba. Da dare aka karɓi katin shaidarsa wai don rajista. Kwana biyu aka ce waya tana raba hankali, a ajiye ta wurin babba, in zai kira gida sai wani na zaune a gefensa. Ɗaki ɗaya suke kwana a kan tabarma, ana tashinsu da asuba a yi waƙa, a wuni ana lacca a kan arziki. Ko kanti ba ya zuwa shi kaɗai. Darasin da aka fi nanata musu shi ne, dangi za su ce ku dawo, to ku sani masu baƙin ciki ne. Aiki kuwa babu. Hanya ɗaya ta maido kuɗinka ita ce ka kirawo wasu su zo da nasu. Ina jin tsoron dalilin da wayarka ke yawan ƙara ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan wata huɗu da muka samu ya dawo, ya rame kamar kara, amma kare su yake yi, wai saura kaɗan ya fara samu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1959 wasu biyu a Amurka, Aronson da Mills, sun gwada suka ga cewa wanda ya fi shan wuya kafin a shigar da shi ƙungiya shi ya fi yabonta. Wanda ya sayar da baburinsa ba zai yi saurin cewa an cuce shi ba.

Mu 'yan arewa ma mun ga mafi munin irinta. Daga wajen 2014, a yankin Mora da Kolofata, samari da yawa da alƙawarin babur da kuɗi da aure Boko Haram ta ja su, ban da waɗanda aka kwashe da ƙarfi. Da an shiga sai a yanke ka daga gida, a sa ka aikata abin da ba za ka iya komawa ƙauyenku bayansa ba. Har sai da gwamnati ta kafa kwamiti a 2018, da cibiya a Mora, don karɓar masu tuba. Ban haɗa abokinka da su ba, Allah ya kiyaye. Dabarar ce dai iri ɗaya: zuma a baki, ƙofa a kulle.

A Garwa ana ce maka "sabo", amma da magariba gida kake komawa, katinka na aljihunka, kuma ka iya rubuto min ka kai ƙararsu ba wanda ya leƙa wayarka. Ka bugi abokin naka ka ce ya turo maka sunan kamfanin da unguwar da yake da hoton kwantiragi. Ka ce ba ka da kuɗin horo, a cire a albashin farko, kuma wurin wani kawunka za ka sauka a unguwar New-Bell ta Duwala. Ka saurari muryarsa da kyau lokacin da ka faɗi maganar kawun.

Gobe kuma in ka kai shayin, kada ka juya nan take. Tsaya kusa da mai littafin lokacin da mota ke sauke kaya, ka riƙa ƙirgawa a zuci, in an gama ka faɗa masa adadinka a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.