Tambaya da Amsa: Me mai girki da itace za ta iya yi game da ɗumamar yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ji a rediyo ana cewa kowa ya rage hayaƙin da yake fitarwa saboda sauyin yanayi. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, da itace da gawayi nake girki, kuma ba ni da halin sayen sola ko tukunyar gas. Shin akwai abin da irina za ta iya yi? Daga wata mai karatu a Funtua.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne cewa hayaƙin da nahiyar Afirka baki ɗaya ke fitarwa daga man fetur da kwal bai kai kashi 5 cikin 100 na duniya ba, don haka ba murhunki ne ya jawo wannan matsala ba. Duk da haka akwai abin da za ki yi, kuma amfaninsa zai fara ne daga aljihunki da lafiyar ƙirjinki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana hallaka mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara.

Murhun duwatsu uku yana ɓarnar mafi yawan zafin wuta, saboda harshenta yana fita ta gefe iska ta kwashe shi. Idan kika kewaye shi da laka, kika bar ƙofa ɗaya ta saka itace, za ki ga damin da kike ƙararwa a kwana biyu ya ƙara jimawa. Ki riƙa shanya itace ya bushe sosai, ki rufe tukunya, ki kuma jiƙa wake tun da dare. Akwai wata dabara da nake son mata su gwada: idan shinkafa ta tafasa na 'yan mintoci, a sauke ta a rufe, a naɗe tukunyar da tsohon bargo cikin kwando, zafin da ke ciki ne zai ƙarasa dafa ta.

Gawayi kuwa ya fi cin daji, domin sai an ƙona itace mai ninkin nauyinsa sau da yawa kafin a sami buhu ɗaya. Idan kin gama girki, ki kashe ragowar garwashin ki adana shi. Ki kuma daina ƙona leda a tsakar gida ko hura wuta da ita, saboda hayaƙinta guba ne ga yara.

Idan maigida yana noma, ki ba shi labarin manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona, suna barin tohon gawo ya girma. Yanzu daga sassaben rassansa suke samun itacen girki, ganyensa da ke zuba da damina kuma yana zama taki ga gero.