Wace hanya ce ta fi dacewa da sabon shiga wajen neman ƙarin kuɗi ta intanet?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne, kuma albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Ina samun kamar awa biyu kowane dare bayan na tashi daga aiki, ina da waya da kwamfuta, amma ba ni da jarin da zan iya jure asararsa. Wasu sun ce in riƙa amsa tambayoyin jin ra'ayi ana biyana, wasu sun ce in buɗe tasha a YouTube, wasu dillancin kaya, wasu kuma hada-hadar kuɗaɗen waje. Wace ce ta fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Hanyoyin da ka lissafa ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake suna ɗaya ake kiran su da shi, kuma ba za a iya auna su ba sai an duba abin da mutum yake sayarwa a kowace. A wata lokacinsa kawai yake sayarwa, a wata gwanintarsa, a wata hankalin jama'ar da suka taru suna sauraronsa, a wata kuma haja. Akwai wadda ba ya sayar da komai a cikinta, kuɗinsa kawai yake jefawa cikin haɗari. Ga mai irin halinka, wato awa biyu a dare ba tare da jari ba, shawarata ita ce ya fara da sayar da gwaninta guda ɗaya da ya ƙware a kanta, hanyar da ba ka ma ambata ba, sauran kuma su jira.

Bari in fara da amsa tambayoyin jin ra'ayi da ƙananan ayyuka, domin su ne suka fi jan sabon shiga, tun da ba sa buƙatar koyon komai. Wannan sauƙin shi ne rauninsu, saboda aikin da kowa zai iya yi ba ya tsada. Kamfanin Amazon ya buɗe dandalin Mechanical Turk a 2005 domin irin waɗannan ayyuka, kamar tantance hotuna da kwafe rubutu daga rasit. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya bi diddigin miliyoyin ayyuka a dandalin, ya gano cewa matsakaicin ma'aikaci yana samun kusan dala 2 a awa, kuma kashi 4 cikin 100 ne kawai suke wuce dala 7.25, wato mafi ƙarancin ladan awa da dokar tarayyar Amurka ta tanada. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne lokacin da ake ɓatawa wajen neman aiki da karanta umarni, wanda babu mai biyansa. Tambayoyin jin ra'ayi sun fi haka cin rai, domin sau da yawa sai mutum ya amsa tambayoyi da dama sannan a ce ba irinsa ake nema ba, ga kuma ƙa'idar cewa ba a cire kuɗi sai sun kai wani adadi. Aikin tantance bayanai domin horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya ɗan fi tsoka, musamman ga wanda ya iya rubuta harshe biyu da kyau, sai dai yana zuwa ne yana ɗaukewa ba tare da sanarwa ba, don haka ba abin dogaro ba ne.

Sayar da gwaninta shi ne a yi wa wani aiki takamaimai ya biya, kamar tace bidiyo, sa rubutu a ƙasan bidiyo, tsara lissafin ƙaramin kamfani a Excel, zana talla, ɗaukar murya, duba fassara, ko koyar da darasi ta bidiyo kai tsaye. Manyan kasuwannin wannan sana'a su ne Fiverr, wanda aka kafa a 2010, da Upwork, wanda ya ɗauki wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk. Tsarinsu ya bambanta, kuma bambancin yana da muhimmanci ga sabon shiga. A Fiverr kai ne kake baje abin da kake yi da farashinsa, ka jira mai saye, kamfanin ya ɗauki kashi 20 cikin 100 na kowane ciniki, sannan ya riƙe kuɗin sabon mai sayarwa kwana 14 bayan an kammala aiki. A Upwork mai aiki ne yake tallata buƙatarsa, kai kuma ka tura takardar neman aikin, kuma kowace takarda tana cin wasu maki da dandalin yake kira Connects, waɗanda ake saye idan na kyauta sun ƙare. Ke nan wanda yake tura takardu barkatai a Upwork yana iya kashe kuɗi kafin ya samu ko ɗaya.

Wahalar wannan hanya duk tana a farkonta. Mai ba da aiki yana duba shaidar waɗanda aka yi wa aiki a baya, sabon shiga kuwa ba shi da ko guda, kuma yana gogayya da dubban mutane daga ƙasashe daban-daban da suka riga shi. Abin da na ga yana warware wannan shi ne taƙaita fage. Wanda ya rubuta cewa yana zane da rubutu da fassara da tace bidiyo, mai saye zai ɗauka bai ƙware a ko ɗaya ba. Wanda kuwa ya ce aikinsa shi ne yanka doguwar hira zuwa gajerun bidiyo masu rubutu a ƙasa, ya kuma nuna samfuri uku da ya yi da hannunsa, ya rage abokan gogayyarsa ƙwarai, ya kuma sauƙaƙa wa mai saye yanke shawara. Samfurin ba sai an biya ka ka yi shi ba, kana iya ƙirƙira wa kanka aikin gwaji ka yi shi kamar na kuɗi. A nan ina so ka dubi aikin da kake yi da rana, domin ma'aikata da yawa suna raina abin da ofis ya koya musu, alhali tsara rahoto, riƙe lissafi, amsa wasiƙun abokan ciniki da shirya jadawali duk abubuwa ne da ƙananan 'yan kasuwa suke biyan wani ya yi musu.

Dole in ƙara da cewa tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ayyuka masu sauƙi irin su rubuta gajerun bayanan kaya da fassarar da ba a damu da ingancinta ba sun faɗi daraja, saboda mai aikin yana iya samun abin da zai wadatar da shi daga manhaja a cikin minti ɗaya. Abin da ya rage da daraja shi ne aikin da yake buƙatar hukuncin mutum da ɗaukar alhaki, kamar gyara abin da manhaja ta rubuta, ko sanin abin da ya dace da wasu masu sauraro na musamman. Idan za ka zaɓi abin koyo yau, ka tambayi kanka ko mai saye zai iya samunsa kyauta daga manhaja, in amsar e ce, ka nemi wani. Duk da waɗannan matsaloli na fifita wannan hanya, saboda ita ce kaɗai a cikin jerin da mutum zai iya ganin kuɗin farko cikin makonni ko 'yan watanni ba tare da ya sa jari ba, kuma farashinsa yana hawa yayin da shaidarsa take taruwa.

YouTube kuwa kamar dashen itace ne, ana shekaru ana ban ruwa kafin a ci 'ya'ya, kuma ba kowane dashe ne yake kamawa ba. Kafin tasha ta fara samun rabo daga kuɗin talla, sai ta tara masu bibiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo a cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ne, don haka idan kowane mai kallo yana tsayawa minti huɗu, ana buƙatar kallo 60,000 kafin a kai bakin ƙofa. Bayan an shiga, mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyo, kuma ba a tura masa sai sun kai dala 100. Abin da talla take biya ma ya danganta da ƙasar da masu kallo suke da kuma batun da ake magana a kai, shi ya sa tashoshi biyu masu yawan kallo iri ɗaya suke iya samun kuɗi masu nisan tazara. Wanda yake ɗora bidiyon wasu ba tare da ƙara komai ba yana iya tara masu kallo amma a hana shi shiga tsarin biya. Ban ce ka guje ta ba, amma kada ka sa ta cikin lissafin kuɗin wannan shekara. Inda take da amfani ga mai irin halinka shi ne ta zama wurin nuna gwanintar da kake sayarwa.

Dillancin kaya ta intanet, inda ake ba ka mahaɗi na musamman ka samu la'ada idan wani ya saya ta hanyarsa, ana yawan tallata shi a matsayin hanyar sabon shiga, kuma wannan kuskure ne, domin yana dogara ne da jama'ar da suka riga suka amince da kai. Amazon ya fara shirinsa na dillanci tun 1996, kuma ƙa'idojinsa sun isa misali: mai saye yana da awa 24 kawai bayan danna mahaɗin ya sa kayan a kwandonsa, sabon dillali kuma dole ya kawo ciniki uku cikin kwana 180 na farko, in ba haka ba a rufe asusunsa. Idan la'adar wani kaya kashi 3 ce, farashinsa kuma dala 50, rabonka dala ɗaya da rabi ne, sai ka lissafa mutum nawa za su saya kafin abin ya zama kuɗi. Sayar da abin da ka ƙirƙira da kanka, kamar littafi ko samfurin takardu, ya fi riba a kowane ciniki, misali Amazon yana ba marubuci kashi 70 cikin 100 a littafin lantarki da farashinsa yake tsakanin dala 2.99 da 9.99, amma matsalar ba ta canza ba, sai an samu masu saye. Tallata kayan da ba ka ajiye ba, wanda wani kamfani yake aikawa da sunanka, shi ma yana cin kuɗin talla tun kafin ciniki na farko, kuma kai ne za ka amsa ƙorafi idan kaya ya makara ko ya zo a lalace.

Hada-hadar kuɗaɗen waje ka cire ta daga jerin gaba ɗaya. A 2018 hukumar da take sa ido kan kasuwannin hannun jari a Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 da 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu caca kan hawa da saukar farashi asara suke yi, shi ya sa aka tilasta wa kamfanonin da suke wannan harka a Turai su rubuta adadin masu asara a tallarsu. Wanda ya ce ba shi da jarin da zai iya jure asararsa ya riga ya amsa wa kansa. Kusa da wannan akwai damfarar da take sanye da rigar aiki. Ana turo saƙo ta WhatsApp ko Telegram cewa za a biya ka idan ka danna alamar so a bidiyo ko ka yaba wa wasu kaya, a biya ka kaɗan a kwanakin farko domin ka saki jiki, sannan a ce sai ka saka kuɗinka kafin a buɗe maka babban aiki ko a sake maka ladan da allo yake nunawa. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan salo a Disamban 2024 bayan ƙorafe-ƙorafe sun ninka. Alamar gane shi ɗaya ce, mai ba da aiki na gaskiya ba ya neman ka biya shi kafin ya biya ka. Haka kuma duk tsarin da ribarsa take fitowa daga kuɗin sababbin masu shiga, irin wanda wani ɗan damfara mai suna Charles Ponzi ya yi a birnin Boston na Amurka a 1920, rugujewa yake yi da zarar masu shiga sun ragu.

Akwai abin da ya kamata ka bincika tun kafin ka zaɓi dandali, wanda mutane da yawa ba sa tunawa sai kuɗi sun maƙale, shi ne yadda za a biya ka. A cikin kamfanonin tura kuɗi ta intanet, PayPal ba ya ba da damar karɓar kuɗi a kowace ƙasa, Payoneer da Wise ma suna da ƙasashen da suke aiki da waɗanda ba sa yi, kuma kowanne yana cire nasa kaso wajen tura kuɗi da canji. Ka yi rajista da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a katin shaidarka da asusun bankinka, domin za a nemi tantancewa, sau da yawa a daidai lokacin da kake son cire kuɗi. Kada ka sayi asusun wani, kada kuma ka ɓoye ƙasar da kake, saboda idan aka gano ana rufe asusun ne tare da shaidar da ka sha wahalar tarawa. Haka nan Fiverr da Upwork suna hukunta wanda ya ja abokin ciniki waje domin kauce wa kasonsu. Ka kuma duba yarjejeniyar aikinka ko ta hana aikin gefe, kada ka yi amfani da kwamfutar ofis ko lokacin ofis, sannan ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ka kashe, domin a ƙasashe da yawa irin wannan kuɗi yana cikin abin da ake biya wa haraji.

Game da awa biyunka, ka ba wata na farko ga koyon abu ɗaya da haɗa samfuri uku, ta amfani da darussan kyauta, domin a wannan mataki babu buƙatar sayen kwas mai tsada. A wata na biyu ka buɗe asusu a dandali ɗaya, ka raba daren biyu, rabi neman aiki da takardun da ka rubuta wa kowane mai aiki daban bayan ka karanta buƙatarsa, rabi kuma ci gaba da gyara hannu. Ka sa farashi mai sauƙi a ayyuka biyar na farko, ka ɗaga shi bayan shaida ta taru, kuma kada ka karɓi aikin da wa'adinsa ya fi ƙarfin lokacinka, domin mummunar shaida guda a sabon asusu tana da wuyar gogewa. Idan wata uku suka cika babu wanda ya amsa maka, ka nuna samfurinka ga wanda ya riga ka a wannan fage ya faɗa maka gaskiya, domin a mafi yawan lokuta gyaran yana cikin samfurin ne ko cikin yadda aka bayyana aikin.