Ga mai tambaya ko ta tsaya takarar asambili saboda ɗanta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki: ɗanki yana kan keken guragu, matan unguwa suna ta cewa ki fito takarar asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma a nan Ghana, dangin maigida kuma sun ce siyasa ba ta matan aure ba ce, gara ki buɗe ƙungiyar taimako. Ni na bi wannan hanya a nan Kumasi har na zauna a kujerar. Shawarata ki fito, amma ki tara jama'arki tukuna, kuma ki san kwamitin da za ki nema in Allah Ya ba ki.

'Yata ta sha wuya wajen haihuwa, ta tashi gaɓoɓinta a shanye. Na ji maganganu iri-iri. Wasu sun ce 'yar ruwa ce, wata ma ta ba ni shawara in riƙa kai ta ƙofar masallaci ranar Juma'a. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tura ni siyasa kwata ce. Kin san lungunan zangonmu, katako ɗaya ake gittawa a kan kwata kowa ya bi ta kai. Kullum da safe sai in sauke ta daga keke, in goya ta in tsallaka, in zaunar da ita a bencin mai koko, in koma in ɗauko keken. Tana girma tana ƙara nauyi, bayana yana ƙara ciwo. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce Hajiya a yi haƙuri, babu kuɗi. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ta ja ni gefe ta fahimtar da ni cewa kuɗi suna zuwa, sai dai waɗanda ke cikin ɗakin taro su ne ke faɗin inda za su tafi.

Dokoki kam ba mu rasa su ba. Akwai dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, mai lamba 715, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2016, ki duba da kanki matakala nawa har yanzu ke gaban ofisoshi da makarantu. Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2012, a 2015 kuma aka fito da tsarin da ya ce yaro irin naki ya yi karatu tare da sauran yara. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na masu shekara biyar zuwa sama suna da wata lalura. Ƙungiyar taimako za ta iya sayen keke goma ta raba, amma izinin gini da gyaran kwata da kason kuɗin masu buƙata ta musamman duk a asambili ake yanke su.

Ki kwantar wa dangin maigida hankali da wannan: zaɓen asambili ba na jam'iyya ba ne, tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da ɗan takara. Ba laima, ba giwa, wato alamun manyan jam'iyyun nan biyu, hotonki kawai. (A ɓoye kowa ya san wa ke bayan wa, wannan kuma sai ki iya takunki.) Duk shekara huɗu ake yi, na ƙarshe a Disamba 2023, saboda haka kina da lokacin shiri. In kujerar ta yi miki nauyi, ki fara da yunit kwamiti, wato ƙaramin kwamitin unguwa da ke ƙarƙashin asambili, rana ɗaya ake zaɓensu.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. A cikin kuɗin da gwamnati ke turo wa kowace asambili akwai kason masu buƙata ta musamman, an fara da kashi 2 cikin ɗari, daga baya aka kai 3. Akwai ɗan kwamitin da ke duba takardun masu nema, kuma shugaban kwamitin harkokin jin daɗin jama'a na asambili yana cikinsa. Sababbin zaɓaɓɓu kowa rububin kwamitin kuɗi da na ayyuka yake yi. Ke ki nufi na jin daɗin jama'a kai tsaye. A can na tarar an saba raba firiza da keken ɗinki, wanda ba laifi ba ne ga babba mai sana'a. Amma uwar da ɗanta ba ya iya zama da kansa fa? Ita kuɗin famfas take nema, da kuɗin motar zuwa gashin ƙashi, da kujerar da za ta tallafe masa wuya. Ranar da na karanto wa kwamiti abin da uwa ɗaya ke kashewa a wata, ɗakin ya yi tsit, aka fara karɓar takardun iyaye a madadin yara. Kuɗin kan makara, wani lokaci watanni, kuma ke za a tare a kasuwa a tambaya.

Kada kuma ki ɗauka kasancewarki uwa ya ba ki ikon yin magana da bakin kowa. Makafi da kurame da guragu manya suna da ƙungiyoyinsu ƙarƙashin GFD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta Ghana, tun 1987, su suka yi ta fafutuka har aka samu dokar nan. Ki je ki gaishe su, ki zauna a baya ki saurara. Cikinsu aka samu Dokta Henry Seidu Daanaa, makaho lauya, wanda ya zama ministan harkokin sarauta a 2013 duk da wasu sarakuna sun nuna ƙin amincewa, da Ivor Greenstreet da ya nemi shugabancin ƙasa a kan kekensa a 2016 da 2020. In 'yan ƙungiyoyin nan suka yarda da ke, su da kansu za su bi gida-gida su nema miki ƙuri'a.

Hoton ɗanki kuma kada ya hau fosta, ko wa ya ba ki shawarar. Zai girma ya gani.

Ki fara yanzu: ki bi unguwa ki rubuta gidajen da ke da irin yaranmu, za ki sha mamakin yawan waɗanda aka ɓoye a ɗaka. Ki tara iyayen, ku je gaisuwa wurin Sarkin Zango da liman, ku roƙi a yi huɗuba a kai. Mata zaɓaɓɓu ba mu kai ɗaya cikin goma ba, za ki ji habaici har a gidan suna da aure. Kujerar ba ta arziki ba ce, aljihunki ne ma zai ji jiki, don mai rasuwa da mai asibiti duk ƙofarki za su buga da asuba. Kafin ki karɓi fom ki zauna da maigida ku daidaita wanda zai riƙa kula da yaron ranakun zama, domin taro kan kai la'asar. Ni ƙanwar mahaifiyata ce ta riƙe min, Allah Ya jiƙanta. In kina da irin wannan mutum a gida, ki je ki karɓi fom ɗin, kyauta ne.