Ziyarar Madina: Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, za ni Umra da mahaifiyata mai ciwon gwiwa. Waɗanne wurare za mu ziyarta a Madina, kuma yaya za mu tsara? (Daga wani mai karatu a Katsina)

Amsa: Allah ya kai ku lafiya. Ku fara da Masallacin Ƙuba, kimanin kilomita 3 daga Masallacin Annabi (SAW). Ku yi alwala tun daga masauki, domin hadisin da ya ba salla a Ƙuba ladan Umra ya ambaci yin tsarki a gida. Nan mutane da yawa ke kuskure, sai sun isa su shiga layin alwala, mota ta tafi ta bar su.

Daga nan sai Uhudu, inda aka yi yaƙi a shekara ta 3 bayan Hijira. Maƙabartar shahidai kusan 70, har da Sayyidina Hamza, tana ƙasa kusa da inda motoci ke tsayawa, don haka Hajiya ba sai ta hau Dutsen Maharba, tudun da masu baka suka tsaya a kai ranar yaƙin, ba. Duwatsunsa na da santsi, gangarowa ta fi hawa wahala. A yi sallama da addu'a, kada a ɗebi ƙasa ko a shafa katanga.

Sai Masallacin Ƙiblataini, wato mai alƙibla biyu, inda raka'a biyu ta wadatar.

Rauda kuwa, wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi (SAW) da mumbarinsa a cikin masallacinsa, sai da izini ta manhajar Nusuk, kuma lokacin mata daban ne da na maza. Ku nema tun kuna gida, gurbi na cika da wuri. Ranar zagaya sauran wuraren, ku fita bayan Asuba, da ruwa, lema da keken guragu.