Amsoshin tambayoyinku: katako, gawayi da gonar dakwara

Tambaya: Zan yi wa 'yata gado da kabad na aure. Kafinta ya ce katakon maɗaci ne, amma kuɗin da ya yanka bai kai rabin na sauran ba. In biya? (Wani uba, Wad Madani, Sudan)

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Maɗaci ja ne har cikinsa, ga nauyi. Sa kafintan ya kankare bayan katakon a gabanka. In fari ya leƙo, muski ne, wato farin katako mai araha, aka shafe da fenti, gara kuwa ba ta raga masa. Ka tabbatar kuma ya bushe, don ɗanyen katako kafin shekara ƙofar kabad ta daina rufuwa.

Tambaya: An ce miskit, itacen nan mai ƙaya, na saurin girma, ba ya neman ruwa. In shuka a gonata don gawayi? (Wani saurayi, Kasala)

Haba ɗana! Kana zaune a Kasala kake wannan tambaya? Je ka dubi Gash da Tokar da Sabuwar Halfa. A 1917 aka shigo da itacen nan Sudan, a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi saboda gonakin da ya cinye. Awaki su ci 'ya'yansa, su baza irin ko'ina. Wanda ya tsiro da kansa ya ishe ka gawayi.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar mana gonar dakwara a kudancin Gadarif. Tun da yaƙi ya tashi cinikin ƙaro ya rikice. Mai gawayi ya ce zai sayi itatuwan a tsaye, kuɗi hannu. Yara biyar gare ni, barci ya gagare ni. (Wata baiwar Allah)

Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, gara da kika tambaya kafin ki karɓi ko jine ɗaya na kuɗin Sudan. Kada ki sayar.

Dakwara, wadda Larabawa ke kira hashab, sai ta shekara 4 ko 5 kafin a fara tsaga ta, daga nan ta yi ta ba da ƙaro shekara goma sha wani abu. Maigidanki ya riga ya yi wannan jiran, ku kuka gaji ribarsa. Ana tsaga bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba ko Nuwamba, bayan mako biyar zuwa shida a fara tsinta, a ci gaba har cikin rani, daidai lokacin da gona ba ta kawo komai. Gawayi fa? Sau ɗaya ne. Tarin itace ake ƙonawa a kwashe ɗan kaɗan, kuma mai gawayin ne zai ƙirga buhunan, ba ke ba. Kuɗin da zai damƙa miki, yadda jine ke narkewa yanzu, kafin damina me zai saya? Ƙaro kuwa in ya bushe aka killace shi, yana jiran kasuwa. Masu lemon kwalba da alewa da magunguna a Turai da Amurka ba su daina nemansa ba, kuma Sudan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi.

Abin nan yana ci mini rai. Mun ga manyan gonakin injin da doka ta ce su bar kashi 10 cikin 100 na filinsu ga itatuwa, aka share su tas, iska na kwashe ƙasa. Yanzu ƙananan manoma ake bi gida-gida, musamman gidajen marayu, domin an san inda ake da matsi. Alhali dakwara ita ke maida wa ƙasa ƙarfinta: kakanninmu kan bar ta a gonar da ta gaji, bayan shekaru su dawo su shuka dawa da riɗi.

Nemi mai tsaga amintacce ku yi rabo, da shaidu. Tsofaffin itatuwan da suka daina zubo ƙaro, su kaɗai za ki iya sayarwa, ki sa musu alama da hannunki. Ki guji bashin shel, inda ɗan kasuwa ke ba da kuɗi tun kafin tsinta ya yanka farashin da ya ga dama. Kada a gauraya miki ƙaron dakwara da na itacen talha, wanda bai kai shi daraja ba, zai karya darajar buhun duka. Kuma gonar nan akwai haƙƙin marayu a ciki, ki ga malami ko alƙali kafin a taɓa ko reshe.

Tambaya: An yi mini tayin lodin bagaruwa daga wajen Singa da araha, amma babu takarda. (Wani ɗan kasuwa, Mai Wurno)

Alhaji, ka san amsar. Yawancin dazukan bagaruwa na bakin kogin Blue Nile keɓaɓɓu ne, a hannun Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da aka kafa a 1989. Ba takardar sara, ba ta ɗauka, a shingen farko za a ƙwace kayan, mai motar ma ya shiga uku. Je ofishinsu ka saya da rasit.