Amsa ga mai son zana jarumin gaibu

Malam, ka tambaya ko littafin zane mai jarumin da ƙarfinsa ya fito daga gaibu zai karɓu a wajen mutanenmu na Agege a Legas. Zai karɓu, amma ka kula da tushen ƙarfin.

A 2006 Naif Al-Mutawa, ɗan Kuwait, ya fitar da littafin zane mai suna The 99: matasa masu duwatsun haske da suka adana ilimin Bagadaza bayan rushewarta a 1258, kowannensu da siffa guda daga sunayen Allah. Yara sun so shi, amma a 2014 malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi. Don Allah kada ka kusanci wannan iyakar.

Ai muna da namu. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, ga Dodo na tatsuniya. Kwanaki ɗana ya riƙe wayata a cikin danfo, motar haya ta Legas, tun daga Oshodi yana karanta zanen Comic Republic, kamfanin littattafan zane na Najeriya, sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, me ya sa babu mai rawani?" Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ka naɗa wa jaruminka rawani, ka fara shafin farko a bakin rijiyar, da dare, guga a hannunsa.